Ibtila'i: kalmar da aka mayar mayafin rufe laifi

Kwanakin nan duk tashar da ka murɗa a Jos sai ka ji ibtila'i. Ibtila'in gobara, ibtila'in ambaliya, har da na 'yan bindiga. Mai karanta labarai ya ɗauka ado ce a madadin "masifa". Ɗan siyasa kuwa da ya furta ta shi ke nan, an rufe zance, babu mai laifi.

Kalmar Larabci ce, tushensu ɗaya da bala'i, ma'anarta gwaji. Malaman lugga sun danganta ta da tsufar tufa, yadda ba a sanin ingancin yadi sai ya sha wanki da rana. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne an manta gwajin nan fuska biyu gare shi. A Suratul Anbiya'i, aya ta 35, Allah ya ce yana jarraba mu da sharri da kuma alheri. A Suratul Fajri, wanda aka yalwata wa arziki da wanda aka ƙuntata wa, da wannan kalmar aka ambace su duka. Ke nan mai girman da ya zo jaje da jerin gwanon motoci shi ma a cikin ibtila'i yake, da kujerarsa ake gwada shi.

Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta a unguwar Busa Buji da ke Jos, rayuka 22 suka salwanta, mutanen unguwa na tonon ɓaraguzai suna kiran sunayen yara. Ga iyayen nan ibtila'i ne, Allah ya ba su haƙuri. Amma rodi da siminti mutum ne ya auna su, mutum ne ya ɗora bene.

Kowane addini ya yi fama da tambayar me ya sa wahala ke samun mutum. 'Yan Hindu sun jingina wahala ga karma, wato sakamakon aikin da mutum ya gabatar, mabiya Buddha suka ce kwaɗayin rai ne tushenta, Maguzawa kan duba ko an taɓa iskoki. Maƙwabtanmu Kirista suna da Littafin Ayuba, inda abokansa uku suka dage lallai zunubi ya yi, a ƙarshe Ubangiji ya tsawata musu. Wannan wurin yana taɓa zuciyata, domin har gobe muna da masu shiga gidan makoki su ce alhaki ne ya kama mamaci.

Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham yana kan hanyar zuwa can, juyawa ya yi da jama'arsa. Sahabi Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah ke nan? Umar ya ce na'am, daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.