Furotin ɗin da aka fara sani ta hanyar guba

Tun da aka amince da man shafawa na tapinarof a Amurka a 2022 domin cutar fata ta soriyasis, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: ta yaya za a shafa wa mutum maganin da ke kama wurin da gubar dayoksin ke kamawa? Masu tambayar suna da hujja, amma zancen ba na jiya ba ne.

Wurin da ake magana wani furotin ne a cikin ƙwayoyin jiki, masana na kiransa AhR. Zaune yake shiru sai wani sinadari ya maƙale masa, sannan ya shige cibiyar ƙwayar ya tayar da wasu ƙwayoyin gado. Alan Poland da abokan aikinsa suka gano shi a hantar ɓera a 1976, shekarar da dayoksin ya bazu a garin Seveso na Italiya, yara suka fito da munanan ƙuraje a fuska. Daga nan sunan guba ya bi furotin ɗin.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a 1995. Ɗakin binciken Frank Gonzalez ya samar da ɓerayen da aka cire musu wannan furotin gaba ɗaya. Da a ce ƙofar guba ce kawai, ai toshe ta lafiya zai ƙara musu. Sai ga kusan rabinsu sun mutu jim kaɗan da haihuwa. Waɗanda suka rayu hantarsu ta tsumbure, ta yi tabo, ƙwayoyin garkuwar jiki kuma sun yi ƙaranci a saifarsu. Ashe jiki na da aikin da yake yi da shi tun fil'azal, dayoksin kutse kawai ya yi. A ganina tun ranar ya kamata tunani ya sauya, amma aka shafe fiye da shekara goma ana kallonsa da tsohon ido.

Sai a 2008 aka nuna furotin ɗin yana da hannu wajen zaɓar ko garkuwar jiki ta yi faɗa ko ta lafa. A 2011 aka ga sinadaran ganye dangin kabeji na raya ƙwayoyin garkuwar hanjin ɓera ta hanyarsa.

Bambancin sinadarin abinci da dayoksin a daɗewa yake. Na abinci yakan taɓa furotin ɗin, jiki ya narkar da sinadarin nan da nan. Dayoksin kuwa, irin wanda ke tashi idan aka cinna wa bola mai robobi wuta a bayan gida, yakan kwanta a kitse, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita.