Honda VFR daga 1986 zuwa 2014: wane zubi ne zai iya hanyar Garwa?

A cikin manyan baburan da ake shigo da su na hannu daga Turai ta tashar Duwala, jefi-jefi akan ga Honda VFR ya iso arewacin Kamaru. Babur ne da aka ƙera domin doguwar tafiya a kwalta cikin sauri, mutum ya wuni a kai bayansa bai ƙage ba. Sunan ɗaya ne tun 1986, amma an sauya injin sau da dama. Sai dillali ya turo wa mai saye a Garwa ko Marwa hotuna biyu a waya, ɗaya na 1999, ɗaya na 2004, kuɗin kusan ɗaya, shi kuwa ya rasa abin da ya raba su in ban da fitila da fenti.

Malam, zubi nawa ne, kuma me ya haɗa su?

Abin da ya haɗa su shi ne injin silinda huɗu da aka jera biyu gaba biyu baya, suka buɗe kamar harafin V. Na farko, VFR750F, ya fito a 1986 da girman inji sisi 748. A 1990 aka sake masa jiki, aka riƙe tayar baya da hannu ɗaya ta ɓangare guda, abin da ya zama alamar VFR har ƙarshe. A 1994 aka rage masa nauyi. A 1998 injin ya koma sisi 781, aka cire kafireta aka sa injekta, sunan ya zama VFR800. A 2002 aka kawo VTEC, wata dabarar juya bawul. A 2010 aka fito da babban wansu, VFR1200F. A 2014 kuma aka sabunta 800 ɗin.

To na baya-bayan nan ai ya fi tsohon gudu, ko?

Nan ne mutane da yawa suke yin asarar kuɗi. In ka ware 1200 gefe, ƙarfin bai wani motsa ba cikin shekara 28. Na 750 yana ba da wajen ƙarfin doki 100. Na 1998 da na 2002 suna tsakanin 105 da 110. Na 2014, sabon cikinsu, ya ɗan sauko ma, wajen 104, saboda dokokin hayaƙi na Turai sun ƙara tsauri. Dukansu suna taɓa kilomita 240 a awa ko kusa da haka, gudun da babu mai hankalin da zai nema tsakanin Figil da Marwa, inda shanu suke tsallaka titi ba sallama.

Nauyi kuwa ya ƙaru a na 2002, wanda aka ɗaga salansa biyu aka cusa masa a ƙarƙashin kujera. Sun yi kyau a ido, amma nauyin ya hau sama, kuma wanda ka goya a watan Afrilu zai ba ka labari. A 2014 aka mayar da salansa ɗaya ƙasa ta gefen dama, babur ɗin ya tsaya a kilo 242 da mai da ruwa a ciki. Ke nan bambancin zubi da zubi yana cikin yadda ake juya bawul, da yadda mai yake shiga inji, da abin da bakanikenka zai iya yi idan abu ya lalace.

Me ya sa wasu suke wani irin fito idan an ba su wuta, wasu kuma shiru?

Wannan fiton kukan haƙoran giya ne, kuma yana da tarihi. Kafin VFR, Honda ta yi wani V4 mai suna VF750 a farkon shekarun 1980. Sarƙa ce take juya kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul da rufe su, kuma sandar ta riƙa cinyewa da wuri har sunan kamfanin ya soma ɓaci. Da suka zo yin VFR a 1986 sai suka ɗauki hanya mai tsada: suka jera giya daga karanshaf har zuwa kamshaf, haƙori cikin haƙori, babu sarƙa sam. Abin da ba ya nan ba ya miƙewa, ba ya saki, ba ya neman abin ɗaure shi. Taimin ɗin da aka saita a masana'anta shi ne zai zauna muddin akwai man inji mai kyau.

Haka aka tafi har 2001. A zubin 1998 an matsar da giyoyin daga tsakiyar inji zuwa gefe, bisa tsarin injin tseren RC45, shi ya sa fiton nasa ya fi fitowa fili. A 2002 aka koma sarƙa, domin rage ƙara da nauyi, kuma ba sai an faɗa ba, sarƙa ta fi sauƙin kuɗi wajen ƙerawa. Sarƙar ba ta cika tsinkewa ba. Abin da yake gajiya shi ne abin da ke ɗaure ta, kuma guda biyu ne, ɗaya na silindun gaba, ɗaya na baya. In ka ji ƙarar kacau-kacau daga cikin inji a babur na 2002 zuwa sama, yawanci su ne. Canza su ba wani tashin hankali ba ne, sai dai ba za ka same su a shagon kayan babur na unguwa ba, odarsu za ka yi ka zauna jira.

Ni a ganina injin 1998 zuwa 2001 shi ne mafi kyawun abin da aka taɓa sa wa suna VFR: ga giya, ga injekta, ba wata dabara da aka ƙara a kan bawul.

Shi VTEC ɗin nan irin na motar Honda ne?

Suna ɗaya, aiki daban. A mota, VTEC yana sauya tudun kamshaf ɗin da bawul yake bi, ya buɗe shi da faɗi idan inji ya ɗauki wuta. A VFR kowace silinda tana da bawul huɗu, amma a ƙasa-ƙasa biyu kaɗai suke aiki, ɗaya na shigar mai da iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Idan inji ya kai juyi 6,800 a minti, matsin man inji yakan tura wani ɗan ƙaramin fil ya kulle sauran biyun, su ma su shiga aiki. Nufin shi ne a sami ja da tsimin mai a ƙasa, a sami numfashi a sama.

Matsalar na 2002 zuwa 2005 ita ce yadda sauyin yake zuwa. Babur yakan ɗan yi jim, sai kuma ya zabura, murya ta canza. A miƙaƙƙiyar hanya daɗi ne, yara ma har juyowa suke yi. Amma a kwanonin hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, kana kwance cikin kwana, tirela tana saukowa, zaburar da ba ka nema ba ba abin so ba ce. Kuma in allurar juyin inji ta tsaya daidai kan iyakar, sai ya yi ta shiga yana fita. A 2006 Honda ta gyara: ta sauko da wurin da yake kamawa, ta kuma sa ba ya saki sai juyin ya faɗo zuwa 6,100, saboda haka ya daina wannan kai-komo. Na 2014 ya fi su laushi duka.

Abin da ya fi damuna da VTEC a nan yana gareji. Littafin babur ɗin ya ce a duba gibin bawul duk bayan kimanin kilomita 24,000. A tsohon inji, buɗe murfi za ka yi ka zura ma'auni. A na VTEC sai an ciro kamshaf, an sa wasu 'yan ƙarafa na musamman sun kulle bawul ɗin da ke hutawa, an mayar da kamshaf an auna, sannan a sake cirowa a fitar da ƙarafan a haɗa. A Turai ma masu shi da yawa tsallake wannan aikin suke yi saboda kuɗin hannu, shi ya sa in dillali ya ce maka "an yi masa komai", ka nemi takarda. VTEC kuma da man inji yake aiki. Man da aka auno daga buɗaɗɗen galan a bakin titi, ba ka san me aka gauraya ba, ba na wannan injin ba ne.

Da man zuwa-zuwa, na kwalba a bakin titi, muke yawo. Kafireta ko injekta?

A Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma sefa 840, kuma da zarar ka bar manyan garuruwa, kwalba ce a kan tebur ko ka tura babur. To gaskiyar ita ce duka biyun ba sa son datti, amma yadda suke nuna fushinsu ya bambanta. Kafireta in ta sha ruwa ko ƙura, babur zai yi ta tari yana tafiya, ka kwance dunƙulen ƙasa ka zubar, ko a buɗe a wanke. Injekta tana da famfo a cikin tanki mai tura mai da ƙarfi ta ramuka ƙanana ƙwarai. In tacin ya toshe, famfon ya wahala ya mutu, babur ya tsaya cak, kuma babu wanda zai busa masa iska da baki ya tashi.

Sai dai kada a ɗauka kafiretar 750 irin ta baburan kilando ce. Huɗu ne a haɗe, an cusa su a tsakiyar V ɗin, fitar da su kokawa ne, kuma bayan wanki sai an daidaita su da ma'aunin iska su ja daidai da juna. Ga shi kuma ƙaramin cikinsu a shekaru, na 1997, ya doshi talatin, robobin da ke riƙe da su sun bushe. Mai injekta da yake tace mansa da kyalle mai tsabta ko mazurari mai raga kafin ya zuba, yana canza taci a kan kari, zai fi mai kafireta kwanciyar hankali. Wanda ya san ba zai iya wannan ɗawainiyar ba, ya tsaya a kafireta.

Tankin 800 yana cin lita 21 zuwa 22, yana shan lita 6 zuwa 7 a kilomita 100. Garwa zuwa Marwa, kilomita 200 da 'yan kai, zai je da saura. Garwa zuwa Ngaundere, wajen 280, zai kai in ba ka matsa masa ba.

Zafin Maris da Afrilu fa?

Daga 1998 zuwa 2013 lagireto biyu ne a gefe da gefe, ba a gaba ba, kuma sai babur yana tafiya iska take ratsa su yadda ya kamata. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. A cunkoson bakin kasuwa, rana ta haura digiri 40, za ka ga lambar zafin inji ta wuce 100, fanka ta tashi, zafi yana dukan ƙwaurinka. Na 750 da na 2014 a gaba nasu yake, sun fi haƙuri da tafiyar hawainiya. Ko wanne ne, ka tabbata fanka tana tashi, ka wanke ƙurar hunturu daga raga, kada kuma a zuba masa ruwan rijiya.

Zafi yana da wani ɓarnar. Na'urar da ke daidaita wutar caji ita ce sananniyar lagon VFR na shekarun 1990, takan ƙone ta bar ka da mataccen batir, wani lokaci har ta narkar da soket ɗinta.

An ce burkin nasa haɗe yake gaba da baya.

Daga 1998 zuwa 2013, e. Ka taka na ƙafa, wani kaso ya tafi tayar gaba. A kwalta yana tsayar da babur a miƙe. A yashin lungunan Marwa kuwa, inda kake son ka taɓa na baya shi kaɗai, gaba yana iya nutsewa ya kayar da kai. Fitar da iska daga layinsa ma yana da tsari, ba a yin sa da ka. Na 750 ba shi da wannan haɗin, na 2014 kuma an raba su.

Ba ka ce komai a kan 1200 ba.

Domin wani babur ne daban da ya ari sunan. Sisi 1,237, ƙarfin doki wajen 170, kilo 267, shaf ne yake juya tayar baya maimakon sarƙa, akwai kuma wanda yake canza giya da kansa da kuloci biyu, na farko a duniyar babura. Rashin sarƙa alheri ne a ƙasar ƙura. Amma tankinsa lita 18.5 zuwa 19 ne kacal ga inji mai wannan ƙishi, komai nasa kwamfuta ce, kuma ranar da ya kwanta a yashi sai ka nemi mutum biyu.

To in kai ne, wanne za ka saya?

Zan fara da tambayar inda zan bi. Dukansu ƙasa-ƙasa suke, da rim na alminiyam da robar jiki har ƙasa. Wanda harkarsa Mora zuwa Kusiri ce, ko ƙauyukan da ba kwalta, ya bar VFR ya nemi babur mai dogayen ƙafafu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kwaltar Ngaundere, Garwa da Marwa ce, zan ɗauki na 1998 zuwa 2001 mai tsabta. In ban samu ba, na 2006 zuwa sama wanda yake da shaidar an duba bawul. Na 2002 zuwa 2005 sai in farashin ya faɗo sosai. Kafin ka biya, sa mita a kan batir inji yana aiki: ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5, in ya gaza ko ya zarce, cajin ya lalace. Karanta shekarar da ke jikin taya, domin na baya mai lamba 180/55 daga Duwala ko Yawunde za ka yi odarsa. Duba takardar duwan da kart giris, lambar firam ta yi daidai da su. Kuma in na Turai ne daga wajejen 2000 zuwa sama, makullinsa yana da guntun lantarki da kwamfutar babur ɗin take ganewa. Wanda aka yanka a kasuwa zai juya amma inji ba zai tashi ba, in kuma duka suka ɓata sai an canza kwamfutar. Ka karɓi makulli biyu a hannun dillali, ka gwada kowanne a gabansa.