Kabraj: mi kalmar ke nufi, kuma mi ya haɗa ta da ƴan kabu-kabu?

Tun bayan sallah kalmar kabraj, wato ɗaga tayar gaban moto sama ana tahiya kan ta baya, ke ta yawo cikin Maradi, rediyo kabraj, WhatsApp kabraj, ka zamna fada ana shan shayi nan ma kabraj. Shekaranjiya na ji wani mai sharhi a wani gidan rediyo yana cewa wai "kabraj ɗin ƴan kabu-kabu ya ishe mu", har ya ƙara da cewa ai daga sunansu kalmar ta hito. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, don bawan Allahn da ke kai ɗiyana lakwal kullum da safe ɗan kabu-kabu ne, dattijo ne mai iyali, da na hau bayanshi ran nan sai da ya ce mini "Malam, ka ji abin da ake hwaɗi kanmu? Ni da nake lallaɓa moton nan kamar ƙwai, ita ce abincin gidana, ina ni ina ɗaga mata kai." Gaskiya ya hwaɗa. Wanda ke lissahin litar esansi da kuɗin da zai kai ma mai moto da marece ba shi ne zai ƙona ambirayaji a banza ba.

Kalmar ba ta da wata dangantaka da kabu-kabu, kamar sauti ce kawai. Kabraj Faransanci ne, daga kalmar da suke hwaɗa ma doki in ya miƙe tsaye kan ƙafafun baya ya ɗaga na gaba sama. Matuƙan jirgin sama ma da ita suke aiki in jirgi ya ɗaga hanci. Abin da ya hi burge ni shi ne tushenta, don in ka bi ta baya sai ta kai ka yaren mutanen kudancin Faransa inda kabra ke nufin akuya, haka ma Sifaniyawa ke kiran akuya har yau. Akuya fa! Duk wanda ya tashi garin nan ya san hoton, jar akuyarmu ta Maradi da ake kuri da fatarta har ƙasashen waje, ta zo gindin bagaruwa ganyen ƙasa ya ƙare, sai ta miƙe kan ƙafa biyu ta ɗan tsaya cak tana tsinkar na sama, ba ta dafa komi ba wani lokacin, in ta gama ta sauko a hankali ba ta doka ƙirji ƙasa ba. To wannan tsayuwar ita ce kabraj, ba gudu ba. Kuma mu da kanmu muna da kalmarmu tun kahin moto ta zo, in doki ya yi haka ranar hawan sallah ƙofar Sarki cewa ake ya yi taɓarya, don ya miƙe sambal kamar taɓaryar da aka ɗaga za a luguda cikin turmi. Ni dai da za a bi tawa da taɓarya muka ci gaba da cewa, ta hi kabraj ma'ana a kunnen Bahaushe, ta hi wilin ɗin, sunan abin da Turanci, da yaran da ke zuwa Jibiya da Katsina suka kwaso.

Inda ruɗanin yake shi ne yanzu komi an mai da shi kabraj. Yaro ya sheƙa da gudu cikin ayarin kai amarya, kabraj. Ya kwanta rub da ciki kan moto ya saki hannu, kabraj. Ya cire salansa yana damun unguwa da ƙara, shi ma kabraj. Waɗannan duk ganganci ne, sunansu ke nan, amma kabraj abu guda ne tak, tayar gaba ta bar ƙasa moto na tahiya kan ta baya. Kuma mai koyon shi na gaskiya ba ya son gudu ko kaɗan, a bitas na ɗaya ko na biyu ake yi, tahiyar da mai keke ma zai iya binka.

Hanya biyu ce. Akwai ta wuta zalla, ka murɗa gaz da ƙarhi gaba ya tashi da kanshi, wanga sai manyan motocin gudu irin Yamaha R6 ko Honda CBR masu inji 600, da ƙarhinsu ya haura doki 100 kuma nauyinsu ya kusa kilo 200. Ta biyu ta ambirayaji ce, wanda ƴan Najeriya ke ce ma kuloci, ka ja shi da yatsa ɗaya ko biyu na hagu, ka ƙara wuta, ka sake shi da sauri, ƙarhin da ya taru ya zuba kan tayar baya gaba ɗaya sai kai ya ɗaga. Namu na gari masu 100 ko 125 ƙarhinsu wajen doki 10 ne, shi ya sa za ka ga yaro ya koma can wutsiyar kujera yana fizgar kan moto da hannu kamar mai jan guga. Matsalar tana zuwa ne ranar da wanda ya saba da wannan fizgar ya samu aron babbar moto, ya yi mata irin murɗar da yake ma ƙaramar, kahin ya ƙifta ido tana kanshi.

Abin da ba a taɓa hwaɗi a rediyo shi ne duk sirrin yana ƙarƙashin ƙafar dama. Birkin baya. In gaba ya tashi ya kai wani wuri da moto ke tsayawa daidai, ba ta son komawa gaba ba ta son kifewa baya, taɓa birkin baya kaɗan shi ke sauko da ita. Birkin hannu ba ya da amfani a sama, in ma ka damƙe shi tayar ta tsaya cak ka sauka a kanta a haka, ka tahi ƙasa. Na ga wanga da idona wajen wani fili bayan gari, ɗan ƙanwata da abokanshi, shi ke kan moto da silifa ƙafarshi, gaba na tashi tsoro ya kama shi sai ya sauke ƙafafu biyu yana neman ƙasa, ya bar birkin, hannunshi kuma saboda nauyin jikinshi ya ja baya sai ya ƙara murɗe gaz ba da niyya ba. Moton ta hita daga ƙarƙashinshi ta miƙe, fitilar baya ta tarwatse, shi ko ya zauna daɓas da ƙeya ƙasa, Allah ya sa rairayi ne ba kwalta ba, don ba kaske kanshi. Da na ce mishi "kai yaro ina ƙafarka ta dama take lokacin da ta tashi?" sai ya ce "Kawu, ban ma san da birki ake yi ba."

Ni ban ƙi abin ba, in gaya muku gaskiya. In ka ga wanda ya ƙware yana tahiya a hankali kai a sama, injin na magana ƙasa-ƙasa, ya sauke tayar a miƙe da ɗan wuta don kar ta doku, sai ka tuna mahayin da ya san linzami. Amma wancan ya yi watanni yana ɗaga ta taƙi guda yana taka birki, ɗaga taka, ɗaga taka, da kaske da safar hannu da takalmi rufaffe, a wurin da ba mota ba yara ba tallar ƴan mata. Namu kuma tsakiyar hanyar babbar kasuwa suke koyo da abokin da ke ɗaukar bidiyo a baya, ga rairayin da ke kwance bakin kwaltar garin nan, tayar gaba ta sauka a karkace a kanshi kan moto ya hau kaɗawa hagu da dama ba mai riƙe shi.

Makanikin da ke gyara mini tawa ya ce shi tun daga nesa yake gane moton da ake ma taɓarya, man shokan gaba na zuba, wuyan na ƙwas-ƙwas in ka taka birki, sarƙa ta saki, faifan ambirayaji na warin ƙuna. Na tambaye shi ko cikin masu kawo mishi irin waɗannan akwai ƴan kabu-kabu, ya ce "Yaya, akasari ɗiyan masu hali ne, uban ke aiko da kuɗin gyaran."