Mene ne sinadarin jan kifi da ake shafa wa ƙoton roba?

Sinadarin jan kifi shi ne abin da masu kamun kifi da fatsa ke shafa wa ƙoton ƙarya, wato wanda aka ƙera da roba ko ƙarfe ko katako cikin siffar tana ko ɗan kifi, domin ya samu wari da ɗanɗanon abinci. Akwai na fesawa, akwai mai kauri da ake shafawa da yatsa, akwai ruwan da ake jiƙa ƙoton a ciki, akwai kuma wanda tun a masana'anta aka kwaɓa shi cikin robar. Galibi daga jikin kifi, jatan lande, ƙaguwa ko tana ake tatso shi, wani a ƙara masa gishiri ko tafarnuwa.

Kifi yana da hanci, amma ba da shi yake numfashi ba. Ruwa ne ke shiga ta kafar gaba ya fita ta ta baya, ya bi ta kan wata tsoka mai ninki-ninki da ke tantance abin da ya narke a cikinsa. Ƙarfin wannan hancin ba ƙarami ba ne. Tun a 1951 Arthur Hasler na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya gabatar da hasashen cewa da ƙanshin ruwa kifin salmon ke gane rafin da aka ƙyanƙyashe shi, bayan ya yi shekaru a teku. Tarwaɗa kuwa, abin ɗanɗanonta bai tsaya a baki ba. Yana gashin bakinta, yana fatarta har wutsiya, kuma a wani nau'inta na Amurka an ƙiyasta ƙwayoyin ɗanɗano sama da 175,000.

Maganar ita ce kifi ba ya jin warin abin da bai narke a ruwa ba. Abin da ya fi tayar masa da kwaɗayi shi ne amino asid, ƙananan sinadaran da ke tsiyayowa daga naman duk wani mai rai, kuma su ruwa na ɗaukarsu. Mai kuwa ba ya gauraya da ruwa. Kwalbar da mutum zai buɗe warinta ya cika ɗaki, idan mai ce zalla, tana iya yin ƙyalli a saman ruwa, amma kaɗan ne ke isa hancin kifin da ke ƙasa. Hancin mai saye a iska yake aiki, na kifi a ruwa, kuma kayan da yawa don hancin mai saye aka haɗa su.

Duk da haka na mai bai zama banza ba, don yana daɗewa a jikin ƙoto, yana sa roba santsi ta ratsa ciyawa, yana kuma rufe warin da kifi ke gudu. Akwai irin wannan warin. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada sun lura salmon na ja da baya idan aka zuba ruwan da mutum ya wanke hannu a hanyarsa, daga baya aka gano wani amino asid mai suna serin da ke fatar mutum yana cikin abin da ke razana shi. Ga kuma man fetur, man kariya daga zafin rana da maganin sauro mai sinadarin DEET, waɗanda masunci ke taɓawa kafin ya ɗaura ƙugiya bai ma lura ba.

A ganina, inda tallan ya fi ƙarfin gaskiya shi ne batun kiran kifi daga nesa. Ƙanshi a ruwa tafiyar hawainiya yake yi, igiyar ruwa ke jansa ɓangare guda. Ƙoton da aka wurga ana janyo shi da sauri ya riga ya wuce kafin warinsa ya bazu. Kifayen da ke farauta da ido, irin su kifin bas, motsi da walƙiya da girgizar ruwa ne ke kawo su. Aikin sinadarin yana farawa ne a taƙin ƙarshe: kifi ya biyo ƙoto yana shakka, ko ya cafka. Idan ya ji roba ce tsura sai ya tofar nan take, wani lokaci kafin mai fatsa ya ji an taɓa zare. Idan ya ji gishiri da ɗanɗanon nama sai ya ɗan riƙe, kuma wannan ɗan jinkirin ya isa a fizgi zare ƙugiya ta kama. A kan wannan kamfanin Berkley na jihar Iowa a Amurka ya gina ƙotonsa mai ɗanɗano da ake kira PowerBait a ƙarshen shekarun 1980, daga baya ya fito da Gulp!, wanda jikinsa ke shan ruwa yana sakin ƙanshi a hankali. Alƙaluman da ake bugawa a jikin leda dai na masu sayarwa ne, sai a karanta su a matsayin talla.

Saboda haka ya fi amfani inda ake jan ƙoto sannu a ƙasan ruwa ko a bar shi zaune, a ruwa mai laka, da dare, ko lokacin sanyi da kifi ke ƙiwar bin abu. Roba mai taushi da gashi sun fi ƙarfe riƙe shi. Na ruwa-ruwa yana wankewa da wuri, dole a riƙa ƙarawa.

Wasu na fesa WD-40, wato man da ake fesa wa ƙarfe don hana tsatsa, bisa jita-jitar cewa akwai man kifi a ciki. Kamfanin da kansa ya musanta, kuma daga man fetur aka samo kayan haɗinsa, gurɓata ruwa kawai yake yi. Sai batun doka. A jihar Kalifoniya, ƙoton da aka sa wa ƙanshi, a masana'anta ne ko da hannu, ya fita daga jerin ƙoton ƙarya. A rafin da aka ce ƙoton ƙarya kaɗai aka yarda da shi, shafa ɗigo ɗaya ya isa a ci mutum tara. Dalilin hukuma shi ne kifi kan haɗiye mai ɗanɗano har ciki, wanda aka cire wa ƙugiya daga maƙogwaro kuma sau da yawa ba ya rayuwa ko an mayar da shi ruwa.