Haɗa wa jariri madara a gida da ɗanyar madarar shanu: tambayoyi da amsoshi

Akwai wani haɗi da ke yawo a intanet, wanda wasu ƙungiyoyi irin su gidauniyar Weston A. Price ta Amurka suka daɗe suna yayatawa: a samu ɗanyar madarar shanu da ba a dafa ba, a zuba ruwa, a ƙara sukarin madara da mayuka iri-iri da man hantar kifi, a gauraya a ba jariri maimakon madarar gwangwani. Yawancin iyayen da ke jarraba shi ba sakaci ke sa su ba. Wata nononta ne bai isa ba, wata tsadar gwangwani ce ta ture ta, wata kuma ba ta yarda da abin da kamfani ya sarrafa ba. Ga tambayoyin da suka fi yi.

Ai madara madara ce. Mene ne bambancin ta saniya da nonon uwa?

Bambancin babba ne, kuma daga girman 'ya'yan yake farawa. Ɗan maraƙi yakan ninka nauyinsa cikin wata biyu ko ƙasa da haka, jariri kuwa sai ya kai wajen wata biyar. Don haka madarar saniya cike take da kayan gina tsoka da ƙashi cikin gaggawa. A kowace mililita 100 akwai furotin fiye da giram 3, alhali nonon uwa bai wuce wajen giram 1 ba. Gishirin sodiyam ya ninka na nonon uwa kusan sau uku, kalshiyam kusan sau huɗu, fosforas ma ya fi haka.

Wani zai ce to ai wannan alheri ne, an samu ƙari. Ba haka jikin jariri ke karɓar sa ba. Duk furotin da gishirin da ya yi rara, ƙoda ce ke fitar da shi, kuma ba ta iya fitar da shi sai da ruwa. Ƙodar jariri ba ta gama ƙwari ba, ba ta iya tattara fitsari ya yi kauri kamar ta babba. Sai ta riƙa jan ruwan jikinsa tana zubarwa. A ranar da yake lafiya abin na iya wucewa ba a lura ba. Ranar da zazzaɓi ko gudawa ta shigo, ko aka yi zafi, nan da nan jikinsa zai bushe. Yawan fosforas kuma yana iya sauke kalshiyam na cikin jinin jariri sabon haihuwa har ya kai ga jijjiga.

A ɗaya ɓangaren kuma, abubuwan da jariri ya fi buƙata sun yi ƙaranci. Sukarin madara a nonon uwa ya kai wajen giram 7, a na saniya bai kai 5 ba. Bitamin C kaɗan ne, haka ma irin kitsen da ƙwaƙwalwa da ido ke girma da shi. Sinadarin ayon, wanda jini ke ginuwa da shi, ɗan kaɗan ne kuma hanji ba ya tsotsar sa sosai. Bayan haka madarar saniya takan sa hanjin wasu jarirai ya riƙa ɗigar da jinin da ido ba ya gani. Ga shi ba a samu ba, ga shi ana asarar wanda ake da shi. Ƙarancin jini a wannan shekarar ta farko yana taɓa girman ƙwaƙwalwa.

Saniyar lafiyayya ce, an kuma tatsa cikin tsafta. Ina ƙwayar cuta za ta fito?

Daga saniyar da kanta, ko da tana cin ciyawa tana ƙiba. Ƙwayoyin Campylobacter da Salmonella da E. coli O157 suna zaune a hanjin shanu ba tare da sun kwantar da su ba, suna fita a kashi, kuma hantsar saniya ba ta da nisa da inda kashin ke sauka. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa. Wasu kuma a cikin madarar ake tatso su, irin su Brucella mai kawo zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da ƙwayar tarin fuka ta shanu. Listeria ita ma tana shiga, kuma tana ci gaba da hayayyafa ko a cikin firji. A watan Maris na 2024 an gano murar tsuntsaye nau'in H5N1 a shanun tatsa a Amurka, aka kuma same ta da yawa a ɗanyar madararsu.

Babba zai iya shan wannan madarar ya yi gudawar kwana biyu ya miƙe. A jikin jariri, Salmonella ko Listeria na iya ratsa hanji su shiga jini, su kai ga sanƙarau. E. coli O157 kuwa tana fitar da gubar da ke farfasa ƙwayoyin jini ta tsayar da ƙoda, har a kai yaro ga wankin ƙoda. Gwajin da aka yi wa madarar makon jiya bai ce komai ba a kan ta yau. Launi da ƙanshi da ɗanɗano ma ba sa nuna komai.

To idan na tafasa ta fa?

An rage rabin matsala, kuma rabi ne mai muhimmanci. Zafi yana kashe waɗannan ƙwayoyin. Tsarin da ya samo suna daga Louis Pasteur na Faransa shi ne a ɗumama madara zuwa digiri 63 a ma'aunin Salsiyas na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15. Tafasawa ta wuce wannan. Masu cewa zafi na kashe amfanin madara sun zuzuta abin: furotin da kitse da kalshiyam suna nan, wasu bitamin ne ke ɗan raguwa.

Amma wuta ba ta rage furotin ba, ba ta cire gishiri ba, ba ta ƙara ayon ba. Madarar da aka tafasa madarar ɗan maraƙi ce da babu ƙwayar cuta a ciki. Nan ne mutane da yawa ke sakin jiki, suna ganin tunda an dafa an gama.

Ai shi ya sa masu haɗin ke ƙara ruwa da sauran abubuwa. Wannan bai gyara ba?

Tunanin ba na banza ba ne, domin kamfanoni ma da madarar shanu suke fara nasu. Bambancin yana wajen awo. Idan aka zuba ruwa don a rage furotin da gishiri, an rage kuzari da duk sauran abubuwan tare. Sai a dawo ana cikewa ɗaya bayan ɗaya, wasu da ma'aunin da ya yi ƙanƙanta ƙwarai, kashi ɗaya cikin dubu ko cikin miliyan na giram. Cokalin kicin ba ya auna wannan. Ruwa ya yi yawa, sodiyam na jini ya faɗi, jariri ya yi jijjiga. Man hantar kifi ya yi yawa, bitamin A ya taru ya zama guba. Wasu haɗe-haɗen ma har ɗanyar hanta suke sa a niƙa a ciki, wato ƙofa ta biyu ga ƙwayoyin cuta. Wanda ya sa zuma don zaƙi kuma ya jawo haɗarin cutar botulizim mai shanye jiki, shi ya sa ba a ba yaro zuma kafin ya cika shekara.

Abin da ke sa kuskure ya yi tsanani shi ne jariri ɗan ƙasa da wata shida ba shi da wani abinci. Idan abu ɗaya ya ɓace a madararsa, ya ɓace masa gaba ɗaya, safe da dare, mako bayan mako. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton jarirai uku a jihohin New Jersey da Pennsylvania da Delaware da aka kwantar da matsanancin ƙarancin kalshiyam da laushin ƙashi, bayan an rene su da haɗin gida na ruwan kwakwa da 'ya'yan itatuwa. Ba madarar shanu ba ce, amma hanyar ɗaya ce: iyaye masu niyyar alheri, haɗi daga intanet, babu mai aunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓa amincewa da wani haɗi na madarar dabba da aka tafasa, da ruwa da sukari da ƙarin sinadarai, ga iyaye mata masu ɗauke da HIV. A ƙa'idojinta na 2010 ta ce ba ta ba da shawarar wannan a wata shida na farko. Idan wanda ƙwararru suka tsara ya kasa tsayawa, na shafin intanet bai cancanci amana ba.

Amma ai a da an yi ta renon yara da madarar shanu, kuma sun girma.

Waɗanda suka girma su ne ke ba da labari. A birnin New York na ƙarni na 19, gudawar lokacin zafi tana ɗibar jarirai dubbai duk shekara, kuma madara na cikin manyan dalilai. A 1858 aka fallasa yadda ake kiwon shanu da dusar gidajen giya ana sayar da madararsu ga talakawa. A 1893 wani attajiri, Nathan Straus, ya fara buɗe wuraren raba dafaffiyar madara ga yaran birnin, kuma a 1908 Chicago ta wajabta ɗumama madarar sayarwa bisa tsarin Pasteur. Raguwar mutuwar jarirai a biranen nan ta tafi tare da tsaftace madara da ruwa. Likitocin zamanin sun san jariran da dasashinsu ke jini don rashin bitamin C, da masu lanƙwasassun ƙafafu don rashin bitamin D, shi ya sa daga baya aka riƙa haɗa musu da ruwan lemo da man kifi.

Ita madarar kamfanin ba ta taɓa cutar da yara ba ne?

Ta taɓa, kuma bai kamata a ɓoye ba. A ƙarshen shekarun 1970 wata madarar waken soya a Amurka ta fito da ƙarancin sinadarin kulorayid, yara suka jikkata, wannan ya haifar da dokar madarar jarirai ta 1980. A yau dokar ƙasar ta ƙayyade sinadarai 30 da dole su kasance a ciki. A 2003 a Isra'ila wata madara ta fito babu bitamin B1, jarirai suka mutu, wasu suka samu naƙasar ƙwaƙwalwa. A 2008 a China an zuba melamin, wani sinadarin yin roba, a madara, yara kusan 300,000 suka kamu, shida suka rasu. A Fabrairun 2022 an janye madarar masana'antar Abbott da ke Sturgis a jihar Michigan saboda fargabar ƙwayar Cronobacter, abin da ya jawo ƙarancin da ya tura iyaye da yawa neman haɗin gida.

A ganina waɗannan labaran sun fi zama hujjar guje wa haɗin gida. Rashin sinadari guda ɗaya tak ya yi wannan ɓarna a inda ake da ɗakin gwaji, kuma an gano ne saboda akwai lambar kaya da za a bi diddigi a janye. Kuskuren kicin sai a jikin yaro yake bayyana.

Garin madarar gwangwani ma ba tsarkakakke ba ne daga ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a haɗa shi da tafasasshen ruwan da bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, a huce shi, a zubar da abin da ya rage bayan awa biyu.

Madarar akuya fa?

Matsalar ɗaya ce, da ƙari. Furotin da gishiri sun yi yawa, ɗanyarta na ɗauke da ƙwayoyin cuta, sannan tana da ƙarancin sinadarin folet, wanda rashinsa ke kawo wani nau'in ƙarancin jini.

Yaushe yaro zai iya shan madarar shanu?

Kafin wata shida, a'a. Daga wata shida zuwa goma sha ɗaya ra'ayin masana ya ɗan bambanta. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 sun ce yaron da ba ya shan nono a wannan tsakanin zai iya shan madarar gwangwani ko ta dabba mai cikakken kitse, wadda aka ɗumama bisa tsarin Pasteur ko aka tafasa, tare da abinci mai ayon. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka kuwa ta ce a jira ya cika shekara. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yarda da ɗanya, a kowane wata.

Nono bai isa ba, gwangwani kuma ba ya samuwa. Me uwa za ta yi?

Ta fara da ganin ma'aikaciyar lafiya a auna nauyin jaririn, domin sau da yawa nonon yana isa, kukan ne ke ruɗar mutane. Idan da gaske ya ragu, yawan sa jariri a nono dare da rana da gyara yadda yake kama shi yana ƙara shi, har wadda ta daina shayarwa na makonni tana iya dawo da shi. Akwai asibitocin da ke da ma'ajiyar nonon da aka tantance aka ɗumama bisa tsarin Pasteur. Wata mace ma tana iya shayar da shi, bayan an gwada ta an tabbatar ba ta da HIV ko wata cuta mai bin nono. Idan gwangwani ne, mai araha da ya cika ƙa'idar madarar jarirai yana yin aikin mai tsada, kuma yawancin yara na jure sauya kamfani. Abin da ba a yi shi ne ƙara ruwa don gwangwanin ya daɗe, ko amfani da madarar shayi da madarar gari ta manya.

An riga an ba shi. Me za a lura da shi?

A daina yau, a kai shi a duba ko da yana wasa, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da aka haɗa da tsawon lokacin da ya sha, ba tare da jin kunya ba. Da wannan bayanin ne zai san ko a gwada jini. Wasu ƙwayoyin sukan ɗauki kwanaki kafin su nuna kansu, Listeria da Brucella har makonni.

Ba a jira gari ya waye idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: zafin jiki digiri 38 ko sama a jaririn da bai kai wata uku ba, gudawa mai jini, amai ba ƙaƙƙautawa, ƙin shan nono, barcin da ke wuyar tashi, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, jijjiga, ko fitsari ya ragu sosai. Raguwar fitsari da ɗashewar jiki kwanaki kaɗan bayan gudawa ta fara sauƙi alama ce ta cewa gubar E. coli ta taɓa ƙoda, kuma wannan aikin asibiti ne a daren.