Waiwaye: Pink Floyd da Mutumin da Suka Bari a Hanya

Wata rana a watan Janairun 1968, matasa huɗu 'yan ƙungiyar kiɗa ta Pink Floyd suna cikin mota za su je wasa a Southampton, kudancin Ingila. Ya kamata su biya su ɗauki na biyar ɗinsu, Syd Barrett, sai suka yi shawara suka wuce abinsu. Daga ranar ba su ƙara biya masa ba. Wannan da aka bari kuwa shi ya raɗa wa ƙungiyar suna, shi ke rubuta waƙoƙinta, shi ke rera su. A ganina, mai son fahimtar Pink Floyd daga wannan rana zai kamo zaren.

A Landan aka kafa ƙungiyar a 1965. Roger Waters da Nick Mason da Richard Wright sun haɗu a kwalejin fasaha ta Regent Street suna koyon zanen gine-gine. Waters ya riƙe jita mai kaurin murya, Mason ganguna, Wright fiyano. Barrett, wanda ya tashi a Kambirij kamar Waters, ɗalibin zane-zane ne. Shi ya haɗa sunayen wasu makaɗa biyu baƙar fata na kudancin Amurka, Pink Anderson da Floyd Council, ya samar da sunan da duniya ta sani a yau.

Salon da suka ɗauka shi ake kira rok na saikedelik, kiɗan da ke ƙoƙarin kwaikwayon halin da mutum ke shiga idan ƙwayar LSD ta juya masa gani da ji. Ana jan waƙa ɗaya ta kai minti goma ko fiye, jita tana kuka tana amsa kuwwa, fitilu masu launi suna narkewa a jikin bango. A gidan rawa na UFO, wanda aka buɗe a ƙarshen 1966, suka yi suna. A 1967 kamfanin EMI ya ɗauke su, suka naɗi faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, a situdiyon Abbey Road, a daidai lokacin da 'yan ƙungiyar kiɗa ta Beatles ke nasu aikin a ginin. Kusan duk waƙoƙin faifan Barrett ne ya rubuta, yana ɗan shekara 21.

Kafin shekarar ta ƙare ya fara sauyawa. Yakan hau dandamali ya tsaya ƙiƙam, ko ya yi ta kaɗa tsirkiya ɗaya har a tashi. Yana shan LSD ba ƙaƙƙautawa, ga nauyin ɗaukakar da ta zo masa lokaci guda, ga lalurar ƙwaƙwalwa da ta bayyana. Sai aka ɗauko abokinsa na ƙuruciya, David Gilmour, don ya rufa masa baya, daga bisani ya gaje shi. A watan Afrilun 1968 aka sanar da fitarsa. Ba na gaggawar ɗora wa abokansa laifi, yara ne da ba su san yadda ake riƙon mai irin wannan ciwo ba. Amma abin ya tsaya musu a rai, kuma waƙoƙinsu sun nuna haka.

Sun yi shekaru suna laluben hanya, har da wasan da suka yi a 1971 a kangon tsohon birnin Pompeii na Italiya, babu ɗan kallo ko ɗaya. A watan Maris na 1973 suka fitar da The Dark Side of the Moon, faifai a kan lokaci da kuɗi da mutuwa da taɓin hankali. Ya shafe fiye da shekara 14 a jerin faifan da suka fi kasuwa a Amurka, an sayar da sama da kwafi miliyan 45. Wanda ya biyo baya a 1975, Wish You Were Here, cike yake da kewar Barrett. Ranar 5 ga Yunin shekarar, suna cikin aiki a Abbey Road, wani mutum mai ƙiba, kansa da girarsa a aske, ya shigo ya zauna. An jima kafin su gane Barrett ne. Waƙar da suke haɗawa a lokacin a kansa aka yi ta. Waters ya fashe da kuka.

Daga nan Waters ya karɓe ragama. A Montreal ta Kanada a 1977 ya tofa wa wani ɗan kallo yawu, abin ya dame shi, daga wannan damuwar ya gina The Wall na 1979, labarin mawaƙin da ya kewaye kansa da katanga har ya rasa hanyar fita. Ɗaya daga waƙoƙin faifan, mai sukar malamai masu danniya, ɗalibai baƙar fata a Afirka ta Kudu suka mayar da ita taken boren neman ilimi daidai da na kowa, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta ta a 1980. A wajen wannan aiki ne Waters ya tilasta wa Wright barin ƙungiya, ya koma yi musu kiɗa a kan albashi.

Waters da kansa ya fice a 1985, ya garzaya kotu don a hana sauran amfani da sunan. An sasanta a ƙarshen 1987, Gilmour da Mason suka ci gaba, Wright ya dawo, suka fitar da The Division Bell a 1994. Su huɗun ba su sake haɗuwa a dandamali ba sai 2 ga Yulin 2005, a taron kiɗa na Live 8 a filin Hyde Park da ke Landan, bayan shekara 24. Wright ya rasu a 2008. Har yanzu Waters da Gilmour ba sa ga-maciji, siyasa ma ta ƙara raba su: Waters ya yi fice wajen kare haƙƙin Falasɗinawa, Gilmour da Mason kuma sun yi waƙar tallafa wa Yukiren a 2022.

Gadon da suka bari ya fi ƙarfin lissafin kuɗi, duk da cewa a 2024 kamfanin Sony ya sayi faifansu a kan kusan dala miliyan 400. Sun nuna cewa faifai zai iya zama labari ɗaya da ake saurare daga farko zuwa ƙarshe, wasan dandamali kuma ya zama na ido da kunne tare. Mawaƙin Ingila David Bowie ya sha faɗin irin tasirin da Barrett ya yi masa.

Shi kuwa Barrett, bayan faifai biyu da ya yi shi kaɗai a 1970 da taimakon Gilmour, ya koma gidan mahaifiyarsa a Kambirij. Ya ajiye sunan Syd, ya koma Roger, sunansa na yanka, yana zane yana kula da lambu, yana guje wa 'yan jarida. Gilmour ya riƙa tabbatar da cewa kasonsa na kuɗin waƙoƙi yana isa gare shi. Ya rasu ranar 7 ga Yulin 2006, yana da shekara 60.