Ku Daina Jefa Ƙwayar Guba a Buhun Wake

Wake ya shigo gida, mun kuma koma gidan jiya. Daga Mirya har Matamaye da Magarya, rumbun da na leƙa sai warin magani ya tare ni tun daga bakin ƙofa. Ƙwayar Phostoxin ce, maganin kashe ƙwari mai fitar da hayaƙin guba, a ƙulle cikin tsumma, an cusa ta tsakiyar waken da yara za su ci. Wani ma a ɗakin da iyalinsa ke kwana ya jingine buhun. In dare ya yi aka tashi da amai da ciwon ciki, sai a ce iska ce ko sammu. Haba jama'a! Hayaƙin ƙwayar nan kisa yake yi, bai san ƙwaro ba, bai san mutum ba.

Da a ce babu mafita, da na yi shiru. Amma buhun PICS, buhun ajiya mai hana iska shiga, yana nan, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka soma gwada shi tare da manoman arewacin Kamaru. A 2007 aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma, masu binciken INRAN (cibiyar binciken noma ta Nijar) na Maradi suka gwada shi da waken ƙasarmu. Da yawanku kun ga yadda aka yi a ƙauyuka: a ɗaure buhu gaban mai gari, a bar shi watanni, sannan a kwance a bainar jama'a, wake ya zubo tas, ba huji. Daga nan masana'anta a Kano ta shiga ƙera shi, manyan ƴan kasuwa suka ɗauko, ƙananan dillalai suka kawo shi har kasuwar Dole ta Damagaram.

Duk wannan doguwar tafiya, sai ta zo ta ƙare a hannun mai cewa "bari in ƙara ƙwaya ɗaya don kada a yi asara". Eh, har cikin buhun PICS ɗin na tarar da ita! To me ka saya ke nan? Leda biyu ne a ciki, buhu a waje. Ƙwaro ya shanye iskar da ta rage, ya mutu da kansa. Ba ya son taimakon guba.

Na san kukanku, ƴan uwa. Buhun ya fi na gargajiya tsada, wani lokacin kuma a je kasuwa a rasa. Amma dillali ba ya sarin abin da ba a tambaya. In kowa sai ƙwari sun fara cin wake yake tunawa da buhu, mai shago ƙwaya zai ci gaba da jerawa, don ita ke tafiya. Ku haɗu a ƙungiya, ku faɗa masa adadin da kuke so tun kafin girbi. Buhun da bai huje ba, ai yana sake aiki baɗi.

Wake ya bushe sarai, a sheƙe shi. A duba ledojin, in da huji a sauya. A matse iska, a ɗaure kowace leda daban. A ɗora kan katako, nesa da ɓera. Kada a riƙa kwancewa ana ɗiba. Na tukunya a ware shi gefe.

Wanda ya riga ya saka ƙwaya bana, ya fitar da buhun daga ɗakin kwana yau ɗin nan, ya nemi malamin gona kafin a dafa ko a kai kasuwa.